Saƙo daga Liyon zuwa Tawa: aikin rage nono da mai biyansa

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Inna da yara.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne a nan Faransa ana yi wa mace aikin rage nono, gwamnati ta biya. Gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin awo ne. In likita zai cire aƙalla giram 300 daga kowane nono, inshorar lafiya ta ƙasa tana ɗaukar abin a matsayin ciwo, ta biya mafi yawan kuɗin, ƙaramar inshorar da mutum ke zubawa duk wata ta cike saura. In kuwa zubewa kawai ya yi bayan shayarwa, ana so a ɗaga shi, wannan kwalliya ce a wurinsu, daga aljihunki zai fito. Dubban yuro ne, kin kuma san yuro dubu ɗaya jika 656 na sefa ke nan. Ko mai inshora, in ta je asibitin kuɗi, likita na iya ɗora nasa a sama. A na gwamnati sauƙi ne, sai dai jira na watanni.

Ba sa gaggawa. Sai an yaye yaro da kamar wata shida, jiki ya daidaita, a ɗauki hoton nono na asibiti. Likita zai faɗa miki ƙarara: tabo ba ya ɓacewa, kuma shayar da na gaba na iya yin wuya. Ga macen da ba ta gama haihuwa ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ke ci mini rai ke ce, Yaya. Na ga yadda igiyar rigar mama ta yi miki rami a kafaɗa, da ƙurajen da ke feso miki a ƙarƙashin nono duk watan Afrilu, da yadda kike dafa gwiwa kafin ki ɗago daga ruku'u. A gida sai a ce haƙuri, ko a ce canza halittar Allah ne. Ni dai lalura na gani.

Kada ki saurari masu tallar man shafawa a WhatsApp, ba ya rage komai. In kin je Yamai, fara ganin likitan mata, ya duba ki ya rubuta takarda. Turo mini hoton takardar, sai mu san inda za mu nufa da kuɗin da za mu haɗa.