Jel ɗin farce: abin da za a duba kafin a saya

Kwalabe biyu na jel ɗin farce za su iya zama kamar an tsaga kara: launi ɗaya, sheƙi ɗaya, kowacce da rubutu a jikinta cewa ta ƙwararru ce. A ranar da aka shafa ba a ganin bambanci. Sai bayan mako biyu, lokacin da ɗaya ta fara ɗagowa daga gefen farce, ko bayan watanni, lokacin da yatsun mai shafawa suka fara ƙaiƙayi suna tsattsagewa. Don haka duk mai sayen jel, don sana'a ne ko don kanta, launi ne abu na ƙarshe da ya kamata ta tsaya a kai.

Jel ba ya bushewa yadda jan farce na yau da kullum ke bushewa a iska. Abin da ke cikin kwalbar ƙananan sinadarai ne na dangin akrilet da metakrilet, tare da wani sinadari mai jiran haske. Da zarar hasken fitila ya same shi, sai ya tayar da sauran su sarƙu da juna, su zama roba mai tauri. Jel ɗin da ya gama sarƙuwa ba ya cika damun jiki. Wanda bai gama ba, ko yana ruwa-ruwa a bakin buroshi ko yana ɓoye a ƙarƙashin sama mai tauri, shi ne ke ratsa fata ya haifar da borin fata. Kusan duk tambayar da za ku yi wa mai sayarwa tana komawa ne kan wannan: yaya za a tabbatar jel ɗin ya daskare duka, kuma ɗanyensa bai taɓa fata ba?

Ta fuskar nau'i, zaɓin ba shi da wuya. Akwai jel mai laushi, wanda ake shafawa sama-sama kamar jan farce, yana kai mako biyu zuwa uku, kuma ana cire shi ta hanyar jiƙa farce da asiton, wato ruwan cire jan farce, na minti 10 zuwa 15. Shellac na kamfanin CND, wanda ya fito a 2010, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan nau'i. Akwai jel mai tauri, wanda asiton ba ya narkar da shi, sai dai a goge shi da magogi. Shi ake ƙara tsawon farce da shi, kuma yana son hannun da ya ƙware, domin mai gaggawa takan goge har ta cinye farcen asali. Tsakaninsu akwai jel na gini, mai kauri, da ake ƙarfafa farce mai karyewa da shi, yawancinsa kuma yana ciruwa da asiton. Sai polijel, mai kama da ƙullu, wanda ba ya gudu, yana tsayawa inda aka ajiye shi. Wannan rashin gudun alheri ne ga sabuwar hannu, tunda ba ya malalewa zuwa fata. Amma duk abin da ya yi kauri haske yana wahalar ratsa shi, kuma yana iya yin zafi sosai a cikin fitila, domin sarƙuwar kanta zafi take fitarwa.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne fitila, alhali ita ce rabin kayan. Kowane jel an haɗa shi ne da sinadarin da ke amsa wani zangon haske na musamman. Yawancin fitilun LED na farce suna fitar da haske tsakanin nanomita (ma'aunin zangon haske) 365 zuwa 405, amma ba kowacce ke rufe duk wannan zangon ba, kuma ƙarfinsu ya sha bamban. Idan fitila ba ta dace da jel ba, saman zai yi tauri, ya yi ƙyalli, a ƙwanƙwasa a ji ƙarfi, cikin kuwa bai gama ba. Ido ba ya gane wannan, yatsa ma haka. Mai farcen za ta yi makonni tana ɗauke da ɗanyen sinadari, ranar cirewa kuma ƙurarsa ta bi hannun mai gogewa.

Adadin wat da ake rubutawa da manyan haruffa a kwalin fitila bai kamata ya ruɗe ku ba. Yawan wutar da fitilar ke ci ke nan, ba ƙarfin hasken da ke isa farce ba. Fitila mai wat 48 daga kamfanin da ya gwada ta da jel ɗinsa ta fi mai iƙirarin wat 200 da ba a san wanda ya ƙera ta ba. Ku duba yadda aka jera ƙwayayen hasken a ciki, musamman ta gefen babban yatsa, domin nan ne aka fi samun jel bai daskare ba. Tsofaffin fitilu masu dogon ƙwai suna ɗaukar kamar minti 2 ga kowane shafi, kuma ƙwansu yana raunana tun yana ci gaba da haskawa, don haka ana sauya shi bisa lokaci, ba sai ya mutu ba. Na LED kan gama cikin daƙiƙa 30 zuwa 60. Ƙananan fitilun nan masu kama da tocila kuwa, amfaninsu riƙe farcen roba na ɗan lokaci kafin a sa hannu a babbar fitila. A ganina, idan kamfani ba zai iya faɗin fitilar da ta dace da jel ɗinsa da tsawon lokacin da za a ba shi ba, an gama magana, a nemi wani.

Game da hasken kansa, wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa hasken fitilun farce yana lalata ƙwayoyin halitta, har minti 20 a ƙarƙashinsa ya kashe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ƙwayoyin da aka gwada. A ɗakin gwaji aka yi shi, a kan ƙwayoyin da ke cikin faranti, ba a kan hannun mutane ba. Duk da haka safar hannu mai yankakken baki, ko man kare fata daga rana, ba su da wahalar tanada.

Yanzu a juya kwalba a karanta bayanta. Sunan da aka fi cece-kuce a kai shi ne HEMA. Ƙaramin sinadari ne mai sa jel ya kama farce sosai, kuma ƙanƙantarsa ce ke sa shi saurin shiga fata. A 2018 Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan yawaitar borin fata daga kayan farce, inda ta ce kashi 2.4 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gwaji jikinsu ya ƙi aƙalla ɗaya daga cikin sinadaran dangin akrilet da metakrilet. Tun 2021 Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu HEMA da ɗan uwansa Di-HEMA ga ƙwararru kawai, tare da wajabta rubutun gargaɗi a jikinsu. Abin da ya sa lamarin ya wuce ƙaiƙayin yatsa shi ne, idan jiki ya ƙi waɗannan sinadarai, yawanci ya ƙi su ke nan har abada, kuma danginsu ake amfani da su wajen cike haƙori da farin ciko, da simintin da ake kafa gwiwa ko ƙugu na roba da shi, da mannen wasu na'urorin auna sukari da ake liƙawa a fata. Kwalliyar mako uku na iya rage wa mutum zaɓi a gaban likita bayan shekara ashirin.

To, ko kwalbar da aka rubuta wa "HEMA-free", wato babu HEMA a cikinta, ta fi? Ta ɗan fi, amma ba yadda talla ke nunawa ba. Dole a maye gurbin HEMA da wani abu, kuma sau da yawa HPMA ne ko IBOA, waɗanda su ma suna tayar da borin fata. IBOA ɗin ma shi ne ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwo ta ayyana a matsayin sinadari mai tayar da borin fata na shekarar 2020. Wadda jikinta ya riga ya ƙi HEMA kada ta ɗauka wannan rubutu ya ba ta izini. Jel mai ɗan HEMA daga kamfani nagari, wanda aka shafa da tsabta aka daskarar yadda ya kamata, ya fi wanda babu HEMA amma aka yi masa rabin aiki.

Suna na biyu shi ne TPO, ɗaya daga cikin sinadaran masu jiran haske. Daga 1 ga Satumba 2025 Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan kwalliya, bayan an sa shi cikin jerin abubuwan da ke iya cutar da haihuwa, bisa gwajin da aka yi a kan dabbobi da aka ciyar da shi da yawa. A Amurka ba a haramta shi ba. Ga mai saye, abin lura biyu ne. Kamfanoni da dama sun sauya haɗinsu zuwa TPO-L ko makamancinsa, don haka sabuwar kwalba mai tsohon suna na iya neman wani lokaci dabam a fitila. Sannan kayan da wata kasuwa ta ƙi sukan nemi wata kasuwar, galibi da rangwame mai jan hankali.

Idan kuka ga MMA, wato methyl methacrylate, a ruwan haɗa farcen roba, ku ajiye. Tun shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta kai ƙarar masu sayar da shi tsantsa saboda raunukan da ya jawo. Rubutun "3-free" ko "10-free" kuwa, wato an cire sinadarai uku ko goma, bai faɗi wani abin kirki game da jel ba, domin toluwin da fomaldihaid da sauran abubuwan da ake alfaharin cirewa matsalar jan farce na gargajiya ce tun asali. Haka ma iƙirarin cewa FDA ta amince da jel: hukumar ba ta tantance kayan kwalliya kafin su shiga kasuwa, in ban da sinadaran launi. Mai rubuta wannan ko bai san doka ba, ko yana fatan ku ba ku sani ba.

Abin da ke nuna kamfani na gaske ba shi da ado. Cikakken jerin sinadarai, ba "resin" da "pigment" kawai ba. Suna da adireshin wanda ke da alhakin kayan. Lambar rukunin da aka haɗa kwalbar a ciki, wadda da ita ake janye kaya idan an gano aibu. Hoton ƙaramin gwangwani a buɗe mai 12M ko 24M, wato watannin da kayan zai yi bayan an buɗe shi. Sai takardar bayanan kariya, SDS, mai sassa 16, wadda dillali nagari ke bayarwa ba tare da jan rai ba. Idan masana'antar tana bin ƙa'idar ISO 22716 ta kyakkyawan tsarin haɗa kayan kwalliya, wannan ƙari ne. Kwalbar kanta ta zama mai duhu wadda haske ba ya ratsawa. An ce arha ba ta ado, kuma gaskiya ne jel marar suna a kasuwannin intanet caca ne, amma tsada ma ba shaida ba ce, tunda manyan sunaye su aka fi yi wa jabu. A saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Kafin a ɗauki launi talatin, a sayi shafin ƙasa da ake fara sawa kafin launi, da shafin sama da ake rufewa da shi, da launi biyu: baƙi ko ja mai duhu, da fari. Su ne suka fi tare haske, don haka su ke tona asirin jel da fitila. A shafa siriri a kan takardar roba, a daskarar, a ɓamɓare a duba ƙasan. Idan ya yi danshi ko ya yamutse, haɗin bai yi ba, ko da yake wucewa wannan gwaji ba ya tabbatar da cikakkiyar daskarewa. Ɗan yauƙin da ke saura a sama ba aibu ba ne, iskar oksijin ce ke hana wannan shimfiɗa kamawa, amma ɗanyen jel ne, a goge shi da auduga da sifirit ba tare da an shafo fata ba.

Mai shago da ke karɓar mutane da yawa ta tsaya kan kamfani ɗaya tun daga shafin ƙasa har fitila, ta sa safar hannu ta robar naitiril maimakon ta robar lateks, tana sauyawa akai-akai domin sinadaran suna ratsa ta a hankali. Mai yi wa kanta a gida ta tsaya kan jel mai laushi, ta bar na gini da mai tauri sai ta sami horo. Wadda kuma ta fara ganin ja ko ƙuraje a gefen farce, ko kumburi a fatar ido, ko farce yana rabuwa da nama, ta cire jel ɗin, ta je wurin likitan fata da kwalbar a hannu domin a yi mata gwajin liƙe, inda ake liƙa sinadarai kaɗan a fata, a gano sinadarin da jikinta ya ƙi.