Aikin farko: asibitin koyarwa ko na ƙaramar hukuma?

A asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sabuwar nas ba ta rasa mai sa mata ido. Akwai manyan sistoci a kanki, kina bin ƙwararrun likitoci zagayen marasa lafiya, kina leƙa sashen wankin ƙoda. Albashin Gwamnatin Tarayya ne, galibi ya fi na jiha tsoka. Sai dai samun gurbi jan aiki ne, kuma kina iya shafe watanni kina awon zafin jiki da hawan jini kawai.

Babban asibitin ƙaramar hukuma kuwa, tun daren farko zai fara koya miki. An ɗauke wuta, an kawo mai naƙuda tana zubar da jini, ga yaro yana jijjiga saboda zazzaɓin cizon sauro, likita ɗaya ne kuma yana ɗakin tiyata. Ke za ki nemo jijiya da fitilar waya ki sa ƙarin ruwa. Hannu kan faɗa da wuri, mutanen gari su san ki, su riƙa gaishe ki har a kasuwa. Abin da ke damuna shi ne, in kika yi kuskure babu mai gyara miki, sai ya zame miki jiki.

Ni dai, ƙanwata, na fi so ki fara shekara biyu a asibitin koyarwa. In na ƙaramar hukumar ne ya samu, kafin ki sa hannu ki tambayi nas nawa ke aikin dare a kowane ɗaki.