Na je wankin haƙori, likita ta tono mini zancen ƙwannafi

Kusan shekara uku ke nan, da na kurɓi ruwan sanyi sai in ji kamar an soka mini allura a haƙoran sama. Dasashina kuwa kullum da safe sai ya yi jini. Watan jiya maiɗakina ta matsa, na je wani ƙaramin asibitin haƙori mai zaman kansa a nan Kano.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Ƙarfe 10 aka ce in zo, ban ga likita ba sai bayan Azahar, kuma babu wanda ya leƙo ya ce ku yi haƙuri. Ga kuɗin kati daban, na wanki daban, ba a faɗa maka sai ka zo gaban mai karɓa. Ni tela ne, rabin wuni a wurina ɗinki ne ya tafi.

Aikin kansa kam ba ni da abin cewa sai sam barka. A gabana aka ɓare ledar kayan aikin. Na'urar tana da ɗan siririn baki mai karkarwa, tana fesa ruwa, wani bututu kuma yana zuƙe yawu. Akwai tsami-tsami a gindin haƙori, amma ana jurewa. Kafin ta fara, likitar ta ba ni madubi na ga bayan haƙorana na ƙasa: wani abu ya daskare ja-ja-wur kamar tsatsa. Launin na goro ne da shayi, in ji ta, amma dutsen dattin abinci ne da ƙwayoyin cuta suka taurare, kuma in ya kai haka, burushi da asuwaki ba sa iya masa. Shi ke kumbura dasashi har ya yi jini. Na tambaye ta maganar da ake yi cewa wanki na buɗe haƙori. Ta ce giɓin da harshe ke ji, gurbin dutsen ne da aka cire.

Can sai ta daɗe tana duban cikin haƙoran sama, ta ce, "Malam, kana fama da ƙwannafi da dare?"

Gabana ya faɗi, don ban gaya mata ba. Ta bayyana mini cewa ruwan tsamin ciki da ke narkar da abinci, idan yana tasowa har baki, yakan cinye farin ɓawon haƙori, kuma ɓawon nan ba ya sake tsirowa. Yawu ne ke rage kaifinsa, shi kuma yana ƙaranci lokacin barci. Ni kuwa ƙarfe 11 nake cin tuwo da yaji in bi lafiyar gado.

Ta ce in riƙa barin kamar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. Idan tsamin ya taso in kurkure da ruwa, kada in goge sai bayan minti 30. In koma burushi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, in ci gaba da asuwakina yadda na saba. Abin da ya fi burge ni, ba ta rubuta mini maganin olsa ba, ta ce wannan aikin likitan ciki ne, in je a duba ni.

Jinin ya tsaya cikin kwana goma. Zafin ruwan sanyi ya ragu, bai tafi duka ba. Bayan wata 6 zan koma, kuma wannan karon da sassafe zan je in kama layin farko.