Gawayi ko gas: wanne ya fi wa mai juna biyu a Legas?

A gidajen haya na Agege da Idi-Araba, inda ɗakuna ke kallon juna, a bakin ƙofa ake hura kurfoti. Gawayi na da sauƙinsa, da kuɗi kaɗan a sayi ƙulli ɗaya a dafa na yau. Matsalarsa iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi. Tana kama jini ta rage masa ɗaukar oksijin, ɗan tayi kuwa da jinin uwa ya dogara. Ga kuma ƙananan ƙwayoyin hayaƙi masu kutsawa can cikin huhu. Bincike ya danganta shaƙar hayaƙin girki da haihuwar bakwaini, da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Abin ya fi muni da damina, in ruwa ya sa aka ja kurfoti cikin ɗaki aka rufe taga.

Gas ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Tsadar tukunyar gas da cikawa ce ke korar mutane, sai tsoron yoyo, wanda ruwan sabulu a kan tiyo ke tonawa.

Amma gas ba zai hana janareton maƙwabci turnuƙe taga ba, ko hayaƙin motocin haya na danfo a cunkoson Oshodi. Duk da haka ni gas zan zaɓa wa mai ciki. In babu hali, a hura gawayin a fili, maigida ko wani yaro ya yi fifitar, ita ta matsa gefe har ya kama.