Gwiwar C-Leg: tana tare faɗuwa, amma ba ta jin saƙon jijiya

Cikin gwiwoyin roba masu aiki da kwamfuta, kaɗan ne suka yi suna kamar C-Leg, wadda kamfanin Ottobock na Jamus ya fitar kasuwa a 1997 domin waɗanda aka yanke wa ƙafa daga cinya. A cikinta akwai na'urori masu auna lanƙwasar gwiwa da nauyin da aka ɗora wa ƙafar, sai ƙaramar kwamfuta da ke matse hanyar man da ke cikin bututunta ko ta sassauta shi, gwargwadon abin da aka auna.

Inda ta ciri tuta shi ne wajen tuntuɓe. Idan kan ƙafar ya kama bakin tabarma ko dutse yayin da ake jefa ta gaba, gwiwar takan riƙe ƙarfinta maimakon ta lanƙwashe, har mutum ya samu abin dogara ya daidaita tsayuwarsa. Haka kuma wajen saukowa daga bene ko gangara, takan lanƙwasa sannu a hankali tana ɗauke da nauyin jiki, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya rage wa mutum fargabar da ke sa shi tafiya idonsa na ƙasa kullum.

Sai dai wajibi ne mai saye ya san cewa ba daga jijiya take gane niyyarsa ba. Hasashe take yi daga motsin da ƙafar ta riga ta fara. Ba ta da injin turawa, saboda haka nauyin hawan bene yana nan a kan ƙafa mai lafiya. Bambancin ya fito fili a binciken da masani Levi Hargrove da abokan aikinsa suka yi a Shikago kan wata ƙafar roba mai inji, suka wallafa a 2013, inda suka ɗora na'urori a kan tsokar cinyar Zac Vawter, wani mutum da aka yanke wa ƙafa, domin ɗaukar saƙon jijiyoyin da aka karkatar zuwa can ta hanyar tiyata: da aka haɗa saƙon jijiyar da abin da na'urorin ƙafar ke aunawa, kuskuren gane motsin da yake nufi ya sauko daga kashi 12.9 cikin ɗari zuwa kashi 1.8. Waccan ƙafa ta gwaji ce, ba ta sayarwa ba.

Tsadarta ba ƙarama ba ce, tana buƙatar caji a kai a kai, kuma sai ƙwararre ne ke iya daidaita ta da kwamfuta. Duk wanda tsoron faɗuwa ya hana shi fita, kuma yake da tsayayyiyar wutar lantarki da ƙwararre a kusa, ina ba shi shawarar ya nemi a gwada masa ita kafin ya biya kuɗi.