Gargaɗi Kan Masu Sayar da Allurar Rage Ƙiba da Sunan Binciken Asibiti

Ina rubuta wannan gargaɗi ne a kan wata damfara da ta yaɗu a intanet, wadda ta taɓa gidanmu, kuma har yanzu nakan ci karo da tallarta a Facebook, TikTok da rukunonin WhatsApp. Masu yin ta ba sa fitowa fili su ce magani suke sayarwa. Cewa suke yi ana neman mutanen da za su shiga wani binciken asibiti a kan ƙibar da ta wuce kima, ciwon sukari da kitsen hanta, kuma duk wanda aka zaɓa zai sami sabuwar allurar rage ƙiba tun kafin ta fito kasuwa. Sai mutum ya cika fom ya saki jiki, sannan a gaya masa cewa akwai kuɗin rajista, da kuɗin aiko da magani, da wani kuɗin ajiya da za a mayar masa idan an kammala binciken. Fakewa da guzuma ne ana harbin karsana, domin babu wani bincike a ciki. Ciniki ne na allurar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Yayata ce ta faɗa hannunsu. Ta shafe shekaru tana fama da nauyin jiki da ciwon gwiwa, kuma likitanta ya riga ya gaya mata cewa sukarin jininta ya fara hawa. Wata rana ta ga tallar, ta bi adireshin da aka sa, ta tarar da fom mai tsari, ɗauke da tambarin da ya yi kama da na jami'a, ana tambayar tsayinta, nauyinta, shekarunta da magungunan da take sha. Washegari aka turo mata saƙon taya murna cewa ta dace, tana cikin mutane ƙalilan da aka ɗauka, amma gurbinta zai koma hannun wani idan ba ta biya kuɗin rajista cikin kwana biyu ba. Ta biya, a asusun wani mutum guda, ba na wata cibiya ba. Bayan mako biyu aka kawo mata ƙunshi: ƙananan kwalabe biyu masu farin gari a ciki, da kwalbar ruwan da za ta narkar da shi, da sirinji irin na masu yin allurar insulin. Umarnin yadda za ta haɗa shi saƙon murya ne daga wani da ke kiran kansa likita, wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai a hoton da ya sa da farar riga.

Ba mu san komai ba sai a rana ta uku bayan allura ta biyu, lokacin da na same ta a kwance, leɓɓanta sun bushe, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Na ce mata, "Yaya, me kika sha?" Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta nuna mini firji. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, aka duba ƙodarta, likitan kuma ya juya kwalbar a hannunsa yana neman sunan kamfani, lambar rukunin da aka haɗa ta da ranar ƙarewar aikinta, bai sami ko ɗaya ba. Abin da kawai aka buga a jiki shi ne sunan sinadari, da wani ɗan rubutu da ke cewa don bincike ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Na kira lambar wancan mai kiran kansa likita domin ya gaya mana adadin da ke cikin kwalbar. Ya amsa sau ɗaya, ya ce amai alama ce cewa maganin yana aiki, daga nan ya toshe lambata.

Dalilin da ya sa wannan damfara take kama mutane masu hankali shi ne an gina ta a kan gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana rayuwa da ƙibar da ta wuce kima, kuma a 'yan shekarun nan an sami magungunan da suke aiki da gaske. Semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak yake yi, ya sami amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka a 2017 da sunan Ozempic domin ciwon sukari, sannan a 2021 da sunan Wegovy domin rage nauyi. A binciken da ake kira STEP 1, wanda aka wallafa a 2021, an bi mutane 1,961 har tsawon makonni 68, kuma waɗanda suka sami maganin sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, yayin da waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta suka rage kashi 2.4. Tirzepatide na kamfanin Eli Lilly, wanda aka sani da Mounjaro da Zepbound, ya kai kusan kashi 21 a mafi girman adadinsa cikin makonni 72. Waɗannan alkaluma ne 'yan damfara suke kwafowa su liƙa a tallarsu. Sun fi son sunan retatrutide, shi ma na Eli Lilly, wanda sakamakon gwajinsa na mataki na biyu ya fito a 2023 da ragin kusan kashi 24 cikin makonni 48, domin an fara sayar da kwalabe masu ɗauke da sunansa tun yana matakin gwaji, kafin wata hukuma ta amince da shi, kuma hakan ya ba su damar cewa ba a samunsa sai ta hanyar shiga bincike.

To amma binciken gaskiya yana da kamannin da ba za a iya yin su ta saƙon waya ba, kuma wanda ya san su ba zai ruɗu ba. Abu na farko shi ne kuɗi. Kamfani ko cibiyar da ta ɗauki nauyin gwajin magani ita ce take ba da maganin da gwaje-gwajen jini kyauta, sau da yawa har ta mayar wa mahalarta kuɗin mota, domin ita ce take bukatar bayanan da za a tattara daga jikinsu. Babu binciken kirki da zai nemi a tura kuɗin rajista a asusun wani mutum, balle ya sa wa'adin kwana biyu. Sannan ba a ɗaukar mutum daga fom kawai. Sai ya je asibiti ko cibiyar binciken da ƙafarsa, an auna shi, an ɗebi jininsa, an tambayi tarihin lafiyarsa da ta danginsa, kuma ana mayar da mutane da yawa saboda ba su cika sharuɗɗa ba. Irin waɗannan allurai ba a ba mai juna biyu, kuma ba a ba wanda shi ko wani a danginsa ya taɓa yin wani nau'in kansar tayirod, gaɓar da ke gaban wuya, da aka yi gargaɗi a kansa, ana kuma taka tsantsan sosai da wanda ya taɓa samun kumburin pankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Yayata ba wanda ya yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi.

Akwai kuma takardar amincewa, wadda a ganina ita ce ta fi raba gaskiya da ƙarya. Tun daga Yarjejeniyar Helsinki ta 1964, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta tsara kuma aka yi ta sabunta ta, ƙa'ida ce cewa ba a gwada magani a jikin mutum sai an bayyana masa manufar binciken da haɗarinsa, ya amince da son ransa, kuma yana da ikon janyewa a duk lokacin da ya ga dama ba tare da ya rasa kulawar da ake ba shi ba. Takardar takan kai shafuka da yawa, ana zama da mutum a karanta ta, tana ɗauke da sunan babban mai binciken da na kwamitin ɗa'a da ya duba tsarin, tare da lambar da za a kira dare ko rana idan wani abu ya faru. Takardar tana kuma faɗin abin da ɗan damfara ba zai taɓa faɗa ba, wato mai yiwuwa mutum ba zai sami maganin ba sam. A STEP 1, mutum ɗaya cikin kowane uku allurar da babu magani aka yi masa, kuma shi da likitansa ba su san rukunin da yake ba. Saboda haka duk wanda ya yi alkawarin cewa za a rage kaza cikin wata kaza ya riga ya tona asirin kansa, domin da an san sakamakon da babu dalilin yin binciken.

Wasu daga cikin 'yan damfarar sun ƙware har sukan sa lambar rajista a tallarsu. Gaskiya ne cewa ana rajistar gwaje-gwajen magunguna a rumbuna na fili, kamar ClinicalTrials.gov na Amurka da aka buɗe a 2000, inda kowane bincike yake da lamba mai farawa da NCT da alkaluma takwas, da kuma rumbun Hukumar Lafiya ta Duniya da ke haɗa rajistocin ƙasashe. Sai dai kowa yana iya kwafo lambar binciken wasu ya liƙa a shafinsa. Abin yi shi ne mutum ya buɗe rumbun da kansa, ya duba ko har yanzu ana ɗaukar mahalarta, ya ga jerin asibitocin da ake gudanar da binciken, sannan ya tuntuɓi asibitin ta lambarsa ta hukuma, ba ta lambar da ke cikin tallar ba. Kasancewar bincike a rumbun ma ba ya nufin gwamnati ta tantance shi. Shi kansa rumbun ya rubuta hakan a fili.

Babban abin tsoro shi ne abin da ke cikin kwalbar. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwar gargaɗi a kan jabun semaglutide da aka gano a Brazil, Birtaniya da Amurka. Kafin haka, a watan Oktoban 2023, an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic, sukarin jininsu ya faɗi ƙasa sosai har wasu suka yi farfaɗiya, abin da ya sa hukumomi suka yi zargin insulin aka zuba a ciki. Ko da sinadarin na gaskiya ne, adadi kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Wegovy ana fara shi ne da miligiram 0.25 a mako, a riƙa ƙarawa bayan kowane mako huɗu, sai bayan makonni 16 a kai 2.4, saboda ciki ya saba. Duk da wannan lallaɓawa, fiye da mutum huɗu cikin goma a STEP 1 sun yi fama da tashin zuciya. Wanda aka bar shi da gari da ruwa da sirinji yana ƙirga layukan jikin sirinjin bisa umarnin saƙon murya, kuskure ɗaya zai sa ya ninka adadin sau da yawa, kuma da yake maganin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jiki, ba a iya janye abin da aka riga aka tsira. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da suka yi wa kansu ninki biyar zuwa ashirin na adadin da ake nufi ta irin wannan hanya.

Idan ƙwayoyi ko shayi aka aiko maimakon allura, haɗarin bai ragu ba. Sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 bayan bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki, an sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta musu cewa ganye ne zalla.

Wancan ɗan rubutu na "don bincike kawai" shi ne garkuwar mai sayarwa. A bakinsa hujja ce cewa mai saye yana cikin bincike, amma ainihin ma'anarsa ita ce sinadarin na ɗakin gwaji ne, ba a tabbatar da tsaftarsa ko ƙarfinsa domin jikin mutum ba, kuma idan abu ya lalace mai sayarwa zai ce ai an rubuta. Bayan haka, fom ɗin da aka cika yana hannunsu da hoton katin shaida da tarihin rashin lafiya. Makonni bayan an sallami yayata daga asibiti, wata sabuwar lamba ta kira ta da cikakken sunanta, aka ce ana biyan diyya ga mahalartan da suka cutu, amma sai ta tura kuɗin buɗe fayil.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana ukun da ta yi tana ɓoyewa. Mai ƙiba ya gaji da jin cewa laifinsa ne, shi ya sa yake neman mafita a asirce, kuma 'yan damfara sun san da wannan kunya, da ita suke cin kasuwarsu. Ƙiba cuta ce da take da alaƙa da gado, da sinadaran da ke daidaita yunwa, da wasu magunguna da cututtuka, kuma wurin maganarta shi ne gaban likitan da zai ga mutum ido da ido. Shi ne ma zai iya sanin ko akwai binciken gaskiya da mutum ya dace da shi. Wanda ya riga ya fara irin wannan allura ya dakata, kada kuma ya bar maganin sukari ko na hawan jini da likitansa ya rubuta saboda maganar mai sayarwa. Idan akwai aman da ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya, ko gumi da rawar jiki da ruɗewa, a garzaya asibiti nan take tare da kwalbar da kwalinta. A adana saƙonnin da shaidar biyan kuɗin, a sanar da banki, a kai rahoto ga hukumar kula da magunguna ta ƙasar da ake zaune da kuma dandalin da aka ga tallar. Mu mun kai kwalba ta biyu, wadda ba a buɗe ba, ga hukumar, tare da hotunan duk saƙonnin da aka turo wa yayata.