Sashen gwajin tarin fuka: abin da na gani da na raka ƙanena

Ƙanena ya shafe kusan wata guda yana tari kafin na raka shi sashen tarin fuka na wani asibitin gwamnati a Kano. Kafin nan mai kemis na unguwarmu ya sayar masa da amoxicillin har sau biyu, bisa zaton namoniya ce, wato sanyin haƙarƙari, amma tarin bai lafa ba. Malamar asibitin da ta karɓe mu ita ta fara bambance mana cututtukan biyu, kuma bayanin nata ne ya fara sa na yaba wa wurin. Ta ce namoniyar da ƙwayar bakteriya ke haddasawa yawanci farat ɗaya take kama mutum, da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari da sukar ƙirji idan an ja numfashi, wani lokaci kuma kakin ya fito da launin tsatsa. Shi kuwa tarin fuka a hankali yake cin jiki, da tarin da ya kai mako biyu ko fiye, da gumi cikin dare, da rama da rashin sha'awar abinci, jini ma yakan biyo kaki. In ban da jinin, babu alamar da ƙanena bai nuna ba.

Da na'urar GeneXpert aka yi gwajin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a shekarar 2010. Fifikonta a kan duba kaki da madubin likita shi ne, bayan gano ƙwayar cutar, tana kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, kuma tana kammala aikin cikin kimanin awa biyu. Ko sisi ba mu biya ba, hoton ƙirji ne kawai muka yi da kuɗinmu.

Inda na ga gazawa shi ne wajen karɓar kaki. An miƙa wa ƙanena 'yar roba ba tare da an koya masa yadda zai ja numfashi ya kakaro daga can cikin ƙirji ba, saboda haka ya kawo yawu, aka ƙi karɓa, muka sake dawowa washegari da sassafe. Sakamakon da ya kamata ya fito a ranar kuma sai da ya kwana uku, domin na'urar tana buƙatar wuta tsayayyiya da ɗaki mai sanyi, ga kuma samfurori jibge da ake kawowa daga ƙananan asibitoci. Bencin da aka ajiye mana a waje ƙarƙashin rumfa da farko na ɗauka sakaci ne, ashe da gangan aka yi, tunda ta iska cutar take yaɗuwa.

Da sakamakon ya tabbatar da cutar, a ranar aka ɗora shi a kan maganin wata shida kyauta, haɗin magani huɗu a wata biyun farko, sannan biyu a sauran wata huɗun. Malamar ta gargaɗe shi cewa fitsarinsa zai yi jaja-jaja, kada ya tsorata, kuma kada ya kuskura ya daina sha don ya ji sauƙi. Ta kuma tambayi ko akwai ƙananan yara a gidan, ta ce mu kawo su a duba su, mun kuwa kai su ranar Litinin ɗin da ta biyo baya.